Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Tsaron Nijar da hafsoshin sojan sama: jirgi nawa zai iya tashi gobe da asuba?

Zuwa ga Mai Girma Ministan Tsaron Ƙasa,
da Babban Hafsan Rundunar Sojan Sama,
Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku ta'aziyyar 'ya'yanmu sojoji da suka kwanta dama a bakin daga. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙurin rashi.

Ni ban taɓa sa kaki ba. Bakaniken jirgin sama ne ni, na farar hula. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina kwance inji ina ɗaurawa, yawanci a kan ƙananan jiragen da ke jigilar ma'aikatan haƙar ma'adinai da masu aikin agaji tsakanin Yamai, Agadas, Damagaram da Diffa. Yanzu ido ya yi rauni, na ajiye sufana na dawo gida. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hirar da nake ji kusan kullum a fadar samarin unguwarmu. Ana shan shayi ana miƙa wa juna waya, wannan ya ce jirgin yaƙi Su-35 na Rasha ya kamata mu saya, wancan ya ce a'a, J-10 na China ya fi arha. Na gane zafin da ke ransu. Duk wanda ya ga watan Agustan 2023, lokacin da aka rufe sararin samaniyarmu ana dakon ko ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, za ta kawo farmaki, ba zai so ƙasarsa ta sake kwana a fili ba rufi ba. Tsorona shi ne kada irin wannan ɗokin ya zama shi ke jan akalar sayayya. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, don haka ku yi haƙuri da tsoho.

A sana'armu ba a tambayar mutum jirgi nawa gare shi. Tambayar da ake yi ita ce, nawa ne za su iya tashi gobe da asuba idan aka buga waya. Wannan adadin shi ne ƙarfin runduna, kuma sau da yawa ya yi nisa da wanda ke rubuce a takarda.

Ga yadda na koyi wannan darasin. Wata shekara, a wani kamfani da na yi wa aiki, muna da jirage biyu ƙirar Cessna Caravan. Ina zagayen duba ɗaya da sassafe sai na ga danshin mai a ƙarƙashin injin, ɗigo kaɗan, irin wanda mai gaggawa zai goge da tsumma ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na bi sawunsa har na gano wata 'yar roba ce ta gaji, zobe da bai fi na yatsar amarya ba. Kuɗinta bai kai na buhun gero ba. Muka shiga sito muka tarar da irinta a cikin leda, amma wa'adin da ke jikin ledar ya wuce, domin robar jirgi ma tana da ranar mutuwa kamar maganin asibiti. Aka rubuta odar sabuwa. Takarda ta kwana a teburin mai sa hannu, kuɗi suka yi jinkiri, kayan suka ɓata a hanya aka sake aikowa. Jirgin ya yi kusan wata uku a ƙasa. Kafin robar ta iso, ɗan'uwansa ya buƙaci taya, aka ce a ara daga na zaune. Sai batir. Sai akwatin rediyo. Ranar da 'yar robar ta zo, na tsaya da ita a tafin hannu ina kallon jirgin da aka yi wa wasoso, yana ɗage a kan jak, ƙura ta rufe gilashinsa. Mu kanikawa cin naman ɗan'uwa muke kiran wannan. A littafin kamfani kuwa, har ranar nan jirage biyu ne cif.

To, ku dubi abin da ƙasar nan ta tara a 'yan shekarun nan. Rundunar da ta faro a 1961 da 'yan jiragen jigila ta sami jiragen yaƙi Su-25 guda biyu daga Yukren a 2013. A shekarar ne Faransa ta ba da jirage masu saukar ungulu uku ƙirar Gazelle. Ga Mi-17 da Mi-35 ƙirar Rasha, su ma masu saukar ungulu, ga ƙananan jiragen leƙen asiri Diamond DA42 na Ostiriya. Amurka ta kawo Cessna huɗu, biyu a 2013 biyu a 2015, sannan manyan jiragen jigila C-130 guda uku tsakanin 2021 da 2022. Daga Turkiyya aka samo jirage marasa matuƙi Bayraktar TB2 guda shida a 2022, sai kuma Hürkuş, ƙaramin jirgin horo da kai hari. Mai kallo daga nesa zai ce ma sha Allah. Bakanike kuwa kansa zai dafe. Ba'amurke da inci yake awo, Barashe da milimita, don haka sufanar da ke kwance notin C-130 ba ta kama na Mi-17. Kowane iri da littattafan gyaransa, da man injinsa, da na'urorin gwajinsa, da mutanen da sai an tura su kwas na musamman kafin su taɓa shi. Biyu daga nan, uku daga can, shi ne hanya mafi tsada ta riƙe jiragen sama.

Sai kuma siyasa ta zo ta ƙara nata. Sojojin Faransa sun fita a Disamban 2023, na Amurka suka kammala ficewa a Satumban 2024, kuma a Agustan 2024 muka yanke hulɗa da Yukren, inda Su-25 ɗinmu suka fito. Ban zo yin gardama a kan waɗannan matakai ba, ƙasa tana da ikon zaɓar abokanta. Sai dai jirgi bai san siyasa ba. C-130 yana neman kayan gyaran Amurka ko muna shiri ko ba ma shiri, Gazelle ma haka take neman na Faransa. Wanda yake son ganin ƙarshen dogara da hannun baƙo ya tuna Afganistan a 2021. Jiragen Black Hawk da Super Tucano suna nan, matuƙa suna nan, amma da kanikawan kwangila na ƙasashen waje suka tattara nasu ya nasu, sai jirage suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya tun kafin Kabul ta faɗi.

Bari in ɗan dakata a kan Su-25, domin su ne kaɗai jiragen da talaka ke nunawa da yatsa ya ce ga jirgin yaƙi. Jirgi ne mai kyau ga irin yaƙinmu. An ƙera shi don ya sauko ƙasa ƙasa ya taimaki sojan da ke cikin rami, yana da inji biyu, matuƙi yana zaune a cikin kwarya ta ƙarfen titaniyam, kuma ba ya tsoron titi marar santsi. Amma tun 1981 irinsa ya fara aiki, kuma biyu ba adadi ba ne. Ranar da ɗaya ya shiga babban dubawa, ɗaya ya rage. Ranar da wannan ɗin ya yi tari, shi ke nan. Sabunta shi abu ne da ake yi. Bulgeriya ta aika guda takwas masana'antar Baranovichi ta Belarus aka yi musu garambawul suka dawo tsakanin 2020 da 2021. Jojiya, wadda a birninta na Tibilisi ake ƙera su tun zamanin Tarayyar Sobiyet, ta farfaɗo da nata wajen 2021 bayan sun daɗe a ajiye. Aikin ya ƙunshi bin gangar jiki gaɓa gaɓa a nemi tsagewa da tsatsa, a sauke inji a yi masa babban gyara, a canza wayoyin da zafi ya busar, a sa sabuwar na'urar nuna hanya da rediyon da zai yi magana kai tsaye da sojan ƙasa, sannan a ba matuƙi idon gani da dare. Akwai ma abin da ba a tunawa, albarushin da ke harba kujerar matuƙi idan jirgi zai faɗi, shi ma yana da wa'adi.

Kafin a sa hannu a irin wannan kwangila, roƙona a fara buɗe littafin kowane jirgi a ga awa nawa suka rage wa gangar jikinsa. Idan akwai sauran rai, a sabunta, da tsohuwar zuma ake magani. Idan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, a sallame su cikin mutunci, kada a zuba miliyoyi a kan abin da zai koma rumfa bayan shekara biyu. Kuma kada a ruɗe mu da tsofaffin da aka sake wa fenti. 'Yan'uwanmu na Mali sun karɓi Su-25 daga Rasha a Agustan 2022, a watan Oktoba na shekarar Su-25 ya faɗi a filin jirgin Gao. Ba dariya nake yi musu ba, Allah ya sani, gargaɗi nake yi wa kaina da ku.

Batun manyan jiragen da samari ke mafarki kuwa, lissafi kaɗai ya isa. Kuroshiya, ƙaramar ƙasa ce a Turai, ta sayi Rafale goma sha biyu na hannu daga Faransa a 2021 a kan kusan yuro biliyan ɗaya. A kuɗinmu miliyar 655 ke nan na sefa, alhali kasafin kuɗin ƙasar nan na shekara duka duka wajen miliyar 3,000 ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da za a ciyar da makarantu, asibitoci, albashi da tsaro gaba ɗaya, kuma ba a zuba ko lita ɗaya ta mai ba tukuna. Yuganda ta sayi Su-30 guda shida wajen 2011 a cikin cinikin da aka ce ya kai dala miliyan 740, har sai da aka taɓa ajiyar babban bankinta. Su suka san maƙiyinsu. Namu a kan babur yake zuwa.

Ku tuna Inates, 10 ga Disamban 2019, sojoji 71. Ku tuna Shinagodar, 9 ga Janairun 2020, sojoji 89. Ku tuna Tillia a Maris na 2021, inda aka kashe fararen hula 137 a wuni ɗaya. Babu jirgin abokin gaba ko ɗaya a sama a waɗannan ranaku. Abin da mutanen nan suka buƙata shi ne ido a sama da zai ga babura suna taruwa tun suna nesa, jirgin da zai iso kansu kafin harsashi ya ƙare, da mai saukar ungulu da zai kwashe wanda jini ke zuba daga jikinsa. Ina da ɗan ƙane soja, yana can yamma. Da ya zo hutu na tambaye shi wane jirgi suka fi so, ina tsammanin zai kira mini suna. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, wanda ya zo." Ya ce idan dare ya yi a daji, jin ƙugin inji a sama kaɗai yana sa mutum ya iya runtsawa.

Zuwan nan kuwa a ƙasa irin tamu magana ce ta nisa. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Daga Yamai zuwa Diffa a mota ya haura kilomita 1,300. TB2 yana iya yini da kwana a sama, amma igiyarsa a hannun tashar da ke ƙasa take, daga kilomita 150 zuwa 300 ne iyakar inda saƙo ke kaiwa. Jirgi komai kyansa idan a Yamai yake kwana ba zai ceci mutumin Bosso ko na Bilma ba. Kuɗin jirgi ɗaya na alfarma zai gyara tituna a Tawa, Diffa, Dirku da Damagaram, ya haƙa rumbun mai a kowanne, ya sa fitilun sauka da dare. Ga sansanin 201 na Agadas da Amurkawa suka kashe wa sama da dala miliyan 100 suka bar mana, da titinsa mai kusan kilomita biyu. Titi ma yana son kulawa. Kwalta tana tsagewa, rairayi yana hawa, kuma tsakuwa ɗaya idan inji ya zuƙe ta ta gama da shi. A inda na yi aiki, kowace safiya mukan jera kafaɗa da kafaɗa, manya da yara, mu taka filin a hankali kai a sunkuye muna tsintar tsakuwa da guntun waya muna zubawa a aljihu. Baƙo yakan ɗauka wani abu muka yar.

Yanzu ga inda nake ganin ya kamata kuɗin farko ya shiga, kuma a nan nake da bakin magana. Injin da ke cikin Cessna Caravan da wanda ke cikin Hürkuş 'yan gida ɗaya ne, dangin PT6 na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada. Shi ne kuma a cikin Super Tucano da Mali da Burkina Faso suke da su, da goma sha biyun da Najeriya ta karɓa a 2021 ta ajiye a Kainji. Cadi ma ta sayi Hürkuş. Na san injin nan kamar yadda na san yunwar cikina. Mai haƙuri ne, amma yana da ƙa'ida. Na Caravan, a awa 1,800 sai an buɗe ɓangaren wuta an duba, a awa 3,600 sai an sauke shi gaba ɗaya. A ƙasarmu kuma ƙurar hunturu tana cin fukafukan cikinsa kamar yadda ake goga wuƙa a dutse, zafin Afrilu da Mayu yana rage masa ƙarfi har jirgi ya kasa ɗaukar cikakken kayansa da tsakar rana. Don me ba za a gina babban wurin gyaran wannan inji ɗaya tak a Yamai ko Agadas ba, a horar da 'ya'yanmu a kansa har su ƙware, ya yi wa ƙasashe uku na ƙawancen AES, wato Nijar, Mali da Burkina Faso, aiki? Tun da an kafa ƙawancen a Satumban 2023, aka mayar da shi tarayya a Yulin 2024, har Janar Salifou Mody, a matsayinsa na ministan tsaro, ya sanar a Janairun 2025 cewa za a haɗa rundunar mutum 5,000, ai sito ɗaya na kayan gyara da makaranta ɗaya ta kanikawa sun fi komai sauƙin haɗawa. Kuma duk sayayyar da za a yi nan gaba, a tambayi mai sayarwa wane inji ne a ciki kafin a tambaye shi gudun jirgin.

Sai dai kada mu yaudari kanmu cewa sauya abokin ciniki ya raba mu da dogaro. Jirgin Turkiyya ma zuciyarsa ta wani ce. A 2020, lokacin yaƙin Nagorno Karabak, Kanada ta dakatar da sayar wa Turkiyya kyamarar da ake ɗaura wa TB2, kamfanin da ke da injin Rotax da ke cikin jirgin shi ma ya tsayar da nasa. Turkawa suka koma suka ƙera tasu kyamarar, domin suna da masana'anta. Mu da ba mu da ita, kariyarmu ita ce sito cike da kayan gyara na shekaru, a saya tun ana shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle mun ga yadda aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya sai da suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja.

Mutane kuwa sun fi ƙarfe wuyar samu. Jirgi ana iya sauke shi a wata shida idan akwai kuɗi. Matuƙi sai shekaru. Ouma Laouali ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin sojanmu a 2015, sai a 2020 ta kammala kwas ɗin C-130 a Amurka, ku ga tsawon hanyar. Bakaniken da zai sa hannu ya ce jirgi ya tashi shi ma ba ya nuna ƙasa da haka. Filifin ta ajiye jiragen yaƙinta na F-5 a 2005, ta zauna shekara goma ba ta da ko ɗaya, da ta tashi farfaɗowa a 2015 sai ta fara da ƙananan FA-50 na Koriya ta Kudu, domin waɗanda suka iya sun tsufa ko sun watse. Niyu Zilan mai arziki ta rushe rundunar jiragen yaƙinta a 2001, har yau ba ta mayar ba. Sana'ar nan idan ta fita daga hannu ba ta dawowa da sauƙi. Muna da makarantar EAMAC a Yamai da ke horar da ma'aikatan sufurin sama na ƙasashen Afirka da dama, muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Yaran da ke kwance injin babur a bakin kasuwar Dole su ɗaura shi kafin la'asar, idan aka zaɓo masu ilimin cikinsu aka ba su tarbiyyar aikin jirgi, za ku sha mamaki. Amma a biya su yadda za su zauna, in ba haka ba kamfanonin jiragen farar hula za su kwashe su da zarar sun nuna. Kuma a rubuta a cikin kowace kwangila cewa ɗan ƙasa ne zai riƙe sufana, baƙon gwani ya tsaya a bayansa yana nuna masa. Na sha ganin akasin haka, baƙo yana aiki namu yana riƙe masa fitila, shekara biyar ba a koyi komai ba.

Akwai wata al'ada da nake roƙon ku kare ta da ƙarfin ofishinku. Wata rana mun gama aiki a kan inji, an rufe, matuƙi ya riga ya zauna, fasinjoji suna jira a rana. Yaron da ke ƙirga kayan aiki ya zo ya raɗa mini cewa ƙaramar sufana ɗaya ba ta koma gurbinta ba. Na ce jirgi ba zai tashi ba. Manaja ya yi faɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Muka sake buɗewa, bayan awa biyu muka same ta a kwance kusa da sandar da ke sarrafa mai. A gidan soja wannan ya fi wuya, domin mai cewa a'a saje ne, mai son tashi kuwa kanar. Idan saje ba zai iya hana jirgi tashi ba tare da tsoron hukunci ba, to kuna da jana'iza a gaba, ranar ce kawai ba a sani ba.

A ajiye jiragen kuma a inda ya dace. A ranar 1 ga Yulin 2017 guguwa ɗaya ta lalata jiragen sojan Cadi da dama a Injamena, har da Su-25 da masu saukar ungulu, ba tare da maƙiyi ya harba ko harsashi ɗaya ba. A ranar 17 ga Satumban 2024 'yan bindiga suka kutsa filin jirgin Bamako suka cinna wa jirage wuta a inda suke tsaye. Rumfa mai ƙarfi da katanga da masu gadi a farke ba sa fitowa a faretin 18 ga Disamba, amma su ke sa a sami abin da za a fitar.

Ranku ya daɗe, akwai maganar da ta fi waɗannan nauyi a zuciyata. Jirgi yana gani daga sama, amma ba ya gane fuska. A Fabrairun 2022 bam ɗin jirgin Najeriya ya kashe yara bakwai a Nacaɗe ta ƙasar Madarunfa. A Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum sama da tamanin suka rasu. Mu ma a Janairun 2024 hukumomi da kansu sun amsa cewa an sami fararen hula cikin waɗanda harin sama ya rutsa da su a Tyawa. A fuskar kwamfuta, ayarin 'yan kasuwa a kan babura da ayarin 'yan bindiga kamarsu ɗaya. Wanda zai bambanta su shi ne mutumin da ya san cewa yau ce ranar kasuwar garin, ya san hanyar da makiyaya ke bi zuwa rijiya a wannan watan. Don haka sabunta kyamara ba zai wadatar ba sai an horar da sojan ƙasa mai riƙe da rediyo wanda zai ce wa matuƙi harba ko dakata, an kuma ajiye hoton kowane hari don a duba shi daga baya. In kuskure ya auku a fito a faɗa, a je ta'aziyya, a biya diyya. Ƙauyen da aka kashe wa yara aka yi shiru ba zai sake kawo muku labarin maƙiyi ba.

Kuɗin fa? Ba zan yi kamar na manta da 2020 ba. Binciken da sufetocin soja suka yi a kan sayayyar ma'aikatar nan ya fito da ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, rahoton farko ya ambaci miliyar 76 na sefa, kuma cinikin jirage masu saukar ungulu biyu ƙirar Mi-171 yana cikin abin da aka tuhuma. Wannan ya fito ne makonni kaɗan bayan Inates da Shinagodar, shi ya sa ciwon bai warke ba. Kayan gyaran jirgi sun fi komai daɗin sata, domin ba wanda ya san farashinsu sai mai saye da mai sayarwa, kuma kalmar sirrin tsaro tana rufe bakin mai tambaya. A sayi kaya kai tsaye daga masana'anta ko gwamnati da gwamnati, a kori dillalan da ke da ofis a cikin jaka. Kowace roba da kowane noti su zo da takardar shaidar asalinsu, domin jabun kayan jirgi suna yawo a duniya kuma ba sa nuna halinsu sai an yi sama.

Na san za a ce, to tsare sararin samaniya fa? Tambaya ce ta gaskiya. Kakkaɓo jirgin Mali marar matuƙi da Aljeriya ta yi a Tinzawatan a farkon Afrilun 2025 ya nuna cewa maƙwabta ma suna da haƙora. An kuma kawo na'urorin kariyar sama tare da masu horarwa daga Rasha a Afrilun 2024. Amma ko a nan, gani ke gaba da kamawa. Jirgin da ke tsere wa sauti ba shi da amfani idan ba rada da za ta gaya masa ga baƙo can ya shigo ta mashigar Salbado da ke can arewa. A fara da rada da mutanen da za su kwana a gabanta, a haɗa hotonta da na Bamako da Wagadugu. Idan arzikin mai da yuraniyam ya kai mu inda za mu iya riƙe manyan jirage, lokacin za su tarar da tituna, rumfuna da kanikawa suna jiransu.

Abin da nake roƙo a yi tun wannan makon ba ya cin ko dala. A kafa allo a ofishin Babban Hafsa, a rubuta lambar kowane jirgi da muke da shi. Duk safiyar Litinin a sa alama a gaban wanda zai iya tashi. A gaban wanda ba zai iya ba, a rubuta abin da yake jira, kwana nawa ya yi yana jira, da teburin da takardarsa ta kwana. Ba sai an nuna wa 'yan jarida ba, ku dai ku riƙa kallonsa kafin ku karɓi baƙuncin duk wani mai tallar jirgi.

Mu tsofaffin kanikawa da muka yi ritaya muna nan warwatse a Yamai, Agadas da Damagaram. Hannu ya fara rawa, amma kunne yana jin inji idan ya yi ƙarya. In an buɗe ajin koyar da yara, a aiko a kira mu.

Allah ya ja zamaninku, ya tsare mana sojojinmu na sama da na ƙasa.

Wassalam.

Naku,
wani tsohon bakaniken jirgin sama,
Damagaram.